Gadon bayana ne ya zaɓa mini babur

A Azare aka haife ni, kuma a kan tankin babur na fara sanin hanya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne, yana da wani Honda Roadmaster da yake zagaya ƙauyukan ƙasar Katagum da shi. Duk ranar da babu boko sai ya ɗora ni a gabansa, mu bi burji mu bi yashi, ya duba gonar wannan, ya yi wa wancan bayanin taki. Tun ban gama firamare ba na iya kwance filogi in wanke da fetur, na iya ɗaure sarƙa idan ta saki. Da ya rasu, babur ɗin na cikin abin da aka sayar aka biya bashi. Ni ne babba a ɗakinmu, don haka karatu ya tsaya a sakandare, na taho Kano neman abin da zan riƙa aika wa Inna.

Acaɓa na fara yi da babur ɗin wani, ina kai masa balas kullum da dare, har Allah ya hore mini na sayi nawa. Da shi na yi aure, da shi aka yi sunan 'yata ta fari. Sai a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka wayi gari gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur. Abokan sana'ata da yawa suka koma Adaidaita Sahu, wasu suka tattara suka koma gida. Ni kuwa wani bawan Allah da nake kai wa yara makaranta ya ce in bi shi in koyi haɗa wutar sola. Wannan sana'ar ce ta riƙe ni har yau, ita ce kuma ta mai da ni ɗan hanya: yau Haɗeja, gobe Bauchi, jibi wani ƙauye da ake son famfon burtsatse ko firjin allurar rigakafi a ƙaramin asibiti.

A wajen wani aiki a Abuja na fara ganin irin babur ɗin nan da ake ce wa kuruza ido da ido. Dogo ne, ya kwanta ƙasa-ƙasa, ƙarafunansa sai ɗaukar ido suke. Mai shi ya zauna ya miƙe ƙafafu gaba, hannuwa a buɗe, ƙarar injin kuma ba ta da kaifi, gurnani ne mai nauyi da ƙirjinka yake riga kunnenka ji. Wanda ya yi shekara da shekaru a takure kan ƙaramin babur cikin hayaƙin Kano, in ya ga wannan zaman dole ransa ya biya. Na dawo na shiga adashi ban gaya wa kowa dalili ba. Na san Harley-Davidson na Amurka ya fi ƙarfin aljihuna, amma Japanawa suna ƙera irinsa, su Honda Shadow da Yamaha DragStar da Kawasaki Vulcan, kuma ana shigo da na hannu ta Legas da Kwatano. Da wannan burin nake kwana nake tashi.

A ƙarshen 2019 muna aiki a wani gidan bene, mun ɗauko batirin sola ni da yarona, irin manyan nan da nauyinsu ke kai kilo 60. Muna tsakiyar matakala na ji wani abu ya ce ƙas a tsatsona. Na daure muka ƙarasa aikin. Washegari da asuba na yunƙura zan tashi salla, ƙafar hagu ta ƙi. Wani zafi ne yake tasowa daga ƙugu, ya bi ta ɗuwawu da bayan cinya, ya sauka har babban yatsa.

Kowa da abin da ya ce. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce basir, wata gwaggona ta aiko da sassaƙe daga gida. An yi mini ƙaho, an shafa man zafi har fata ta saɓule. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na tafi Asibitin Ƙashi na Dala, aka sa na yi hoton MRI. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna mini da bakin biro. Tsakanin kowane ƙashin gadon baya da na ƙasansa akwai wani faifai mai taushi da ke hana su gogar juna. Nawa na tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na tsatso ne ya bulluƙo, yana danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Ya ce ba za a yi gaggawar aiki ba, yawancin masu irin wannan suna samun sauƙi da magani da gashi da motsa jiki. Amma ya ja mini kunne: in na ga ƙafar tana mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya fara zuba ban sani ba, to ko tsakar dare ne a kawo ni.

Ban jima da fara gashi ba sai ga kullen korona na 2020. Aiki ya tsaya cak. Kuɗin adashin da na tara don babur ya tafi a hatsi da magani da kuɗin haya, ina ji ina gani. Amma ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Salla ce a kan kujera. Ina mutum mai ƙarfi a jika, sai ga ni a gefen sahu tare da dattawan unguwa, ina sunkuyar da kai a madadin sujada. Ƙaramin ɗana zai rugo da gudu ya ɗaga hannu in ɗauke shi, sai in shafa kansa kawai, ya tsaya yana kallona bai gane ba. Matata ce take sa mini takalmi. Ta fara soya awara a ƙofar gida ba ta taɓa ce mini uffan ba, kuma wannan shirun nata ya fi kowace magana nauyi a zuciyata. Akwai daren da na kwanta a kan siminti, don nan kaɗai bayan yake lafawa, na yi ta kuka a hankali kada yara su ji. Tunanina ɗaya ne: in na nakasa, wa zai riƙe gidan nan, wa zai riƙe Inna?

A tsakiyar haka hawan jinin Inna ya tashi aka kwantar da ita. Da aka buɗe hanya na shiga motar haya zuwa Azare, mu huɗu a kujerar baya, gwiwoyina a manne da kujerar gaba, babu damar gyara zama. Tafiyar da ta haura kilomita 200 kaɗan ce, amma da muka isa tasha sai da mutum biyu suka kama ni na fito. Na shiga ɗakin da take ina dogara bango. Ta dube ni ta ce, "Kai yaron nan, ni aka zo dubawa ko kai? Koma gidanka, kada ka sake zuwa a haka." Na san tausayi ne ya sa ta faɗa, amma maganar ta zauna mini. Ɗan fari da ba ya iya zuwa gaida mahaifiyarsa, ina amfaninsa?

Sauƙi ya zo a hankali. Tafiyar ƙafa bayan asuba, motsa jikin da masu gashi suka koya mini, rage tumbi, barin ɗaukar kaya kwata-kwata. A 2021 na koma aiki, yara na ɗagawa ni ina aunawa ina haɗa waya. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa a masallaci na daɗe ban ɗago ba.

Sai maganar hanya ta dawo. Motar haya na riga na san abin da take yi mini. Motar kaina kuwa, ko na saya, ciyar da ita wani aure ne. Ƙaramin babur yana kai ni cikin gari, amma a doguwar hanya jijjigarsa tana shiga ƙashi, tirela in ta wuce ka sai ta nemi ta watsar da kai gefen titi. Na tambayi likitana, "Likita, zan iya komawa babur, babba?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ni ba zan ce maka babur magani ne ba, kuma ka fi ni sanin hatsarin titi. Abin da na sani shi ne bayanka ba ya son dogon zama a lanƙwashe, ba ya son duka daga ƙasa. Duk abin da za ka hau, ka riƙa tsayawa kana taka ƙasa tun kafin ciwon ya yi maka sallama."

A raina na ce ai shi ke nan, kuruza ne amsar. Wane zama ne ya fi wannan hutu?

Akwai wani Alhaji da na sa wa sola a gidansa da gonarsa, yana da kuruza ɗan Japan. Da na gaya masa burina sai ya ce, "Malam, kada ka zuba kuɗinka tukuna. Ɗauki nawa ka je ka gaida Hajiya ka dawo, sai mu yi magana." Allah ya saka masa da alheri, don wannan aron ne ya raba ni da dogon wahala.

Na fita da sassafe cikin hunturu. Daga Hotoro zuwa Wudil ban taɓa jin daɗin abin hawa irin na wannan safiyar ba. Sirdin bai fi santimita 70 daga ƙasa ba, in ka tsaya tafin ƙafarka biyu a shimfiɗe suke, babu fargabar faɗuwa. Injin yana ja tun daga ƙasa, ba sai ka yi ta canza giya ba. Yara a bakin hanya suna ɗaga hannu. Amma da na wuce gadar Wudil hanya ta buɗe na ƙara wuta, sai na fara lura da wani abu. Babu gilashi a gaba, ƙirjina a buɗe, iska tana tura ni baya, hannuwana ne kaɗai suke riƙe da ni. Ƙafafun da suke can gaba ba sa ɗaukar komai na nauyina. Duk jikina ya taru a kan ƙashin mazaunai, ƙugu ya zame gaba, tsatso ya lanƙwashe, daidai zaman da likita ya hana ni. Kafin Kiyawa babban yatsan hagu ya fara yin sanyi.

A wani gari da aka yi tudun rage gudu a kan kwalta na ƙarasa ganewa. Tun ina ɗan acaɓa jikina ya saba, in na hango rami ko tudu sai in ɗan taka in ɗaga mazaunai, gwiwa ta shanye dukan. A nan na yunƙura in ɗaga, babu abin takawa a ƙarƙashina. Tayar baya ta hau ta sauka, dukan ya taho kai tsaye ya shiga gadon bayana, har sai da na ga wuta. A Jama'are na tsaya, na shiga wani masallaci na kwanta a tabarma na miƙe, ina kallon rufi, ina jin burin shekaru yana sulalewa. Na ƙarasa Azare a hankali, na ɓoye wa Inna ɗingishin iya yina.

Da na dawo na je wajen wani dattijon bakanike da ke gyaran manyan babura, na ba shi labari. Yana wanke hannu da kananzir ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin mahayin doki a hawan daushe ya miƙe ƙafa gaba yana sukuwa? Likkafa a ƙarƙashinsa take. Ƙafa ce shokazoba ta farko, ta ƙarfen ta biyu ce." Ya nuna mini cewa saboda a kwantar da kuruza ƙasa, shokazobar baya a da yawa daga cikinsu ba ta lotsawa ko santimita 10, alhali na tafiye-tafiye suna kai 12 zuwa 13. A titin Amurka mai santsi da aka ƙera su dominsa wannan ba komai ba ne. A gargadar ƙauyukanmu kuwa, abin da ƙarfe bai shanye ba ƙashinka ne zai shanye.

Shi ne ya nuna mini ɗaya nau'in, wanda masu harkar ke kira sipot-tuwarin: ƙirarsa ta ɗauko daga na tsere, amma an ɗaga masa kai, an faɗaɗa sirdi, an sa gilashi da akwatuna don doguwar tafiya. Gaskiya ban so shi ba da na gan shi. Duk roba ce ta lulluɓe shi, babu sheƙi, babu gurnani. Akwai Yamaha FJR1300 a garejin, mai tankin lita 25 da gilashin da ake ɗagawa da maɓalli, amma nauyinsa ya doshi kilo 290, ƙarfinsa kuma ya wuce abin da mai iyali irina yake bukata. Ban ko kunna shi ba. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Honda Deauville mai injin da girmansa ya kai cc 680, wanda aka daina ƙerawa tun wajen 2013, akwatunansa a jikinsa suke, tankinsa kusan lita 20, kuma ba sarƙa ke juya tayar baya ba, sandar ƙarfe ce a rufe. Duk wanda ya san abin da ƙurar hunturu ke yi wa sarƙa ya san darajar wannan.

A shekarar ce, 2022, wani ɗan Najeriya mai suna Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a kan babur don yaƙi da cutar shan inna. Na riƙa bin hotunansa a waya, kuma abin da nake dubawa shi ne zamansa: baya a miƙe, ƙafa a ƙarƙashinsa, a kan Honda CB500X da injinsa bai kai na waɗanda nake zawarci ba. Irin nasa masu tsayin ƙafa, a ganina, su suka fi dacewa da burjinmu, sai dai ban sami na hannu da kuɗina zai kai ba.

Mai Deauville ɗin ya yarda na gwada shi zuwa Dutse. Farkon hawa tsoro na ji. Sirdin ya kai santimita 80, da ƙyar rabin tafin ƙafata ke taɓa ƙasa, ga nauyi sama da kilo 250, kuma nauyin a sama yake, ba a ƙasa ba. A cunkoson Mariri gumi ya jiƙa ni, zafin injin yana dukan ƙwaurina. Amma da na fita gari sai abin ya juye. Gilashin ya raba iskar ta wuce ta saman hular kwano, hannuwana suka saki. Jikina ya ɗan karkata gaba kaɗan, tsatso ya miƙe da kansa, nauyin ya rabu tsakanin mazaunai da cinyoyi da tafin ƙafa. Na hango rami, na taka, na ɗaga, ya wuce ta ƙarƙashina, gwiwa ta karɓa. Ina iya matsawa gaba, in matsa baya, in miƙe tsaye na ɗan lokaci in saki ƙugu. Na isa Dutse na sauka na taka, ina jiran yatsan nan ya yi magana. Bai yi ba.

Duk da haka ban yanke shawara nan take ba. Zuciyata tana wajen kuruza, jikina yana wajen wanda ban so. Mutum zai ce ai babur ne kawai, amma ni a wajena wancan zaman na miƙe ƙafa shi ne alamar cewa wahalar acaɓa ta wuce, na zama mutum. Barinsa yana nufin in yarda cewa ciwon nan ya canza ni har abada, ba zan koma yadda nake ba. Wannan yardar ta fi biyan kuɗin wuya.

Matata kuwa duka biyun ba ta so. Ta ce, "Malam, ni na ga kwanciyarka a siminti, ba labari aka ba ni ba. In ka faɗi da wannan ƙaton abu, wa zai ɗaga ka?" Ban yi mata musu ba, don tana da gaskiya. Na ce ta ba ni sharuɗɗanta. Ta ce babu tafiyar dare, babu fita ba hular kwano da rigar kariya ko da zafin Afrilu ne, kuma duk inda na tsaya in kira ta. Na yi istihara, na je na gaya wa Inna. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ubanku ma a kan babur ya ci abincinsa har Allah ya karɓi abinsa a kan gadonsa. Allah ya tsare. Amma magariba kada ta same ka a hanya." Na sayar da ƙaramin filin da nake da shi a bayan gari, na cika da abin da na tara, na saya.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Makonnin farko wuyan hannuna da kafaɗa sun yi tsami, sai da dattijon nan ya ɗaga mini kan babur ɗin da ɗan ƙarfe, ya matso da shi kusa da ni. A yashi ba shi da daɗi ko kaɗan, tayoyinsa na kwalta ne. Ya taɓa kwantawa da ni a mashigar wani ƙauye a ƙasar Ningi, ina tafiya a hankali tayar gaba ta nutse. Na zare ƙafata na tsaya a gefe ban ko taɓa shi ba, na yi sallama da wasu samari da ke ƙarƙashin bishiya suka zo suka tashe shi. Robar gefe ta tsage, sai daga kasuwar Ladipo ta Legas aka samo mini wata, bayan dogon jira. Tun daga nan, in hanya ta zama yashi zalla, sai in ajiye shi a gidan mai gari in hau na 'yan ƙauyen.

Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, na ƙara gode wa Allah da ban sayi mota ba, ban kuma sayi mai ƙaton inji ba. Nawa yana ba ni wajen kilomita 20 a lita in ban matsa masa ba, tanki ɗaya yana kai ni Azare da saura mai yawa. Mita da igiyoyi da ƙananan kayan aiki suna shiga akwati ɗaya, ɗayan kuma na tsarabar Inna ne. Yanzu ba na haɗa wata biyu ban je na gan ta ba. Ina tsayawa duk bayan kamar awa guda, ko na gaji ko ban gaji ba, in sauka in taka, in sha ruwa, in kira gida.

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. In sanyi ya yi yawa yatsan yana tuna mini, kuma ina komawa Dala a duba ni. Na yi wa matata alkawari, na yi wa kaina, ranar da likita ya ce ƙafar ta fara rauni, a ranar zan sa babur ɗin a kasuwa.

Alhajin da ya ara mini kuruzansa har yanzu shi yake hawa, kuma ba zai canza ba. Shi gwiwa ce matsalarsa, bayansa lafiya lau. Ya hau nawa sau ɗaya, bai kai Na'ibawa ba ya juyo, ya ce naɗe ƙafar nan ba zai iya ba, gwiwarsa kamar za ta tsage. Ya sa wa nasa gilashi da ɗan majingini a bayan sirdi, ya ce iskar ta daina wahalar da shi. Mun shirya bayan babbar salla za mu je Yankari tare, shi a kan nasa ni a kan nawa. Ya ce shi zai riƙa shiga gaba a kwalta mai kyau, in an zo gargada in wuce in jira shi a gari na gaba.